Ladybird, burauzar da ake ginawa tun daga tushe: abin da ta iya zuwa ƙarshen 2025 da abin da ya rage

Wanda ya buɗe intanet da Chrome, da wanda ya buɗe da Edge ko Opera ko Brave ko burauzar wayoyin Samsung, duk mota ɗaya suka hau, fenti ne kawai ya bambanta. Injin da ke ciki, wato sashen da ke karanta shafi ya zana shi a allo, Blink ne, na Google. Safari tana kan WebKit na Apple, Firefox kuma tana kan Gecko na Mozilla. Injina uku ke nan a hannun jama'a, kuma shi Blink ɗin ma ɗan WebKit ne, a 2013 aka yaye shi. A wannan shekarar ce Opera ta ajiye nata injin, Presto, sannan Microsoft ta bi sahu a farkon 2020. Tun daga nan aka riƙa cewa aikin ya fi ƙarfin kowa, in ba kamfanin da ke da dubban ma'aikata ba.

Ladybird ita ce ta fito tana musun wannan magana. Manhaja ce buɗaɗɗiya, kowa na iya karanta lambobinta, ya gyara, ya rarraba, a ƙarƙashin lasisin BSD mai sharaɗi biyu, kuma injinta bai ari komai daga Blink ko WebKit ko Gecko ba. Amma tun kafin a yi nisa ga abin da ya kamata mai karatu ya sani: zuwa ƙarshen 2025 babu maɓallin saukewa a shafinta. Masu aikin da kansu sun rubuta cewa ba ta ma kai matakin gwaji na farko ba, kuma masu rubuta manhaja kaɗai ta dace da su. Wanda yake son ganinta sai ya gina ta a kwamfutarsa, wato ya juya lambobinta zuwa manhaja mai aiki. Saboda haka awon da za a yi mata biyu ne: kayan da ke ƙasa yau, da tsarin da aka shimfiɗa na gobe. A ganina na biyun ya fi na farko nuna da nisa.

Andreas Kling, ɗan ƙasar Suwidin, shi ne jagoran aikin, kuma ba baƙo ba ne a harkar, don ya yi aiki a kan WebKit a Nokia da kuma Apple. A 2018 ya fara SerenityOS, wata babbar manhajar kwamfuta da ake rubuta komai nata da hannu, don nishaɗi. Injin burauzar a can ya tsiro, a matsayin ɗan abin nuna rubutu. A 2022 aka sa masa riga da zai yi aiki a Linux, aka raɗa masa Ladybird. A watan Yunin 2024 Kling ya raba gari da SerenityOS, ya sauka daga shugabancinta, ya fitar da burauzar ta tsaya da ƙafarta. Ranar 1 ga Yulin 2024 aka sanar da ƙungiyar Ladybird Browser Initiative, wadda ba ta neman riba, mai rajista a Amurka, tare da Chris Wanstrath, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye lambobinsu, wanda iyalinsa suka ba da dala miliyan 1.

Maganar kuɗi ita ce wurin da tsarin ya fi burge ni. Burauza kyauta ake ba da ita, to da me ake biyan ma'aikata? Amsar da aka saba ita ce sayar da akwatin bincike. Shari'ar da aka yi a Amurka ta tona cewa Google ya biya Apple dala biliyan 20 a 2022 kaɗai domin ya zama shi ne injin binciken da Safari ke buɗewa da shi. Mozilla kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigarta daga Google yake zuwa, wato daga hannun babban abokin hamayyarta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ladybird ta rubuta ƙarara cewa ba za ta shiga irin wannan ciniki ba, ba za ta fitar da kuɗin kirifto ba, ba kuma za ta nemi hanyar tatsar mai amfani da ita ba. Gudummawa kaɗai take karɓa, matakin sama dala 100,000 a shekara, kuma mai bayarwa ba ya sayen kujera a majalisar gudanarwa ko ikon cewa a fara yi masa kaza. Abin da yake samu shi ne tambarinsa a shafinsu. Shopify da Proton da Cloudflare duk suna cikin masu bayarwa. Sun kuma ɗora wa kansu ƙa'idar ajiye kuɗin da zai riƙe su wata 18 a kowane lokaci, shi ya sa zuwa ƙarshen 2025 injiniyoyin da ake biya albashi ba su kai goma ba, sauran duk 'yan sa-kai ne. Raunin wannan tsari a fili yake: in manyan masu bayarwa biyu ko uku suka janye a shekara guda, babu wata rijiyar da za a koma. Amma wata 18 ya isa a ga hadari tun yana nesa.

Yanzu sai ginin kanta, inda mafi yawan masu sha'awa ke karaya.

Linux da macOS ne ake kula da su. Mai Windows sai ya bi ta WSL2, wato Linux ɗin da ke zaune a cikin Windows. A ƙarshen 2025 ana buƙatar kompaila, wato manhajar da ke juya lambobi zuwa harshen furosesa, wadda ta san C++23, da CMake sabo da Ninja masu tsara ginin, da Python, da Qt6 mai zana taga ga mai Linux. A nan tarko na farko yake. Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, tana zuwa da kompailar gcc 11 da CMake 3.22, kuma duka biyun sun tsufa ga wannan aiki. Ubuntu 24.04 ta fi kusa, amma ita ma a duba, domin mafi ƙarancin sigar da ake nema tana hawa lokaci zuwa lokaci. Kada a dogara da bayanin da wani ya rubuta wata shida da suka wuce, a buɗe takardar umarnin gini da ke cikin babban fayil na Documentation a ma'ajiyar lambobin Ladybird da ke GitHub, a kwafi layin shigar da kayan daga can. Idan CMake na tsarinka ya gaza, Kitware suna da ma'ajiyarsu ta apt, LLVM ma suna da tasu ta clang. Bayan haka umarnin gajere ne:

git clone https://github.com/LadybirdBrowser/ladybird.git
cd ladybird
./Meta/ladybird.py run

Layi uku, amma na ukun yana ɗauke da aikin yini. Kafin a taɓa lambar Ladybird ko ɗaya, wani kayan aiki mai suna vcpkg zai sauko da laburarorin waje, wato sassan manhaja da wasu suka riga suka rubuta, ya gina su ɗaya bayan ɗaya: Skia mai zane, ICU mai kula da haruffan harsuna, HarfBuzz mai jera su, FFmpeg na bidiyo da sauti, curl, OpenSSL, da wasu da dama. A kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi a ware awa ɗaya zuwa biyu, a tsohuwa kuwa a ware fiye. A bar wajen gigabait 30 a faifai don kada a ƙare a tsakiya. Wanda ke sayen data da awo ya nemi wurin da ake da intanet marar iyaka domin zangon farko, mai fama da ɗaukewar wuta kuma ya fara da cikakken caji. Sauƙin abin shi ne in wuta ta yanke ba a koma farko: laburaren da aka gama ginawa yana nan a ajiye, Ninja ma daga inda ya tsaya yake ɗorawa. A tabbata an sa ccache, mai adana abin da aka riga aka gina, domin shi ne ke mayar da gini na biyu ya zama na mintoci.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa, kuma dukansu suna yaudara.

Na farko, CMake ya ce bai ga Ninja ba, alhali Ninja na nan zaune a kwamfutar. Mutum zai yi ta cirewa yana mayarwa a banza. Ba Ninja ba ne mai laifi. Wani laburare ne ya faɗi a hannun vcpkg tun da farko, sai saƙon da ya fito a ƙarshe ya zama na ƙarya. Ainihin dalilin yana cikin fayil ɗin Build/release/vcpkg-manifest-install.log. A buɗe shi a gangara ƙasa, yawanci za a tarar wani ƙaramin abu ne ba a shigar ba, kamar nasm ko autoconf-archive, ko kuma intanet ce ta tsinke ana tsakiyar saukewa.

Na biyu, ginin ya yi nisa sai kwamfutar ta sandare, ko a ga saƙon da ke cewa an kashe cc1plus, wato kompailar C++ ta gcc. Wannan ƙarancin RAM ne. Ninja yana tayar da ayyuka daidai da ƙarfin furosesa, har da ɗan ƙari, kuma fayil ɗin C++ guda na iya cin gigabait ɗaya ko fiye yayin da ake sarrafa shi. Kwamfutar da furosesarta ke ɗaukar ayyuka takwas a lokaci guda da RAM gigabait 8 za ta shaƙe, sai Linux ya kashe wanda ya fi ci domin ya ceci kansa. Magani shi ne a rage yawan ayyukan, a ce ninja -C Build/release -j2, ko a ƙara wurin ajiyar wucin gadi na gigabait 8 a faifai da fallocate da mkswap da swapon. Idan a matakin haɗa sassa na ƙarshe ne ake faɗuwa, akwai zaɓin LAGOM_LINK_POOL_SIZE da ke taƙaita yawan waɗanda ake haɗawa lokaci guda. Da RAM gigabait 16 ba a cika shan wannan wahalar ba. Wani abin lura kuma, kada a gina sigar Debug sannan a yi ƙorafin nauyi. Ita don farautar kuskure aka yi ta, tafiyar hawainiya take yi.

Idan tagar ta buɗe, abin da za a gani ba shi da ado: wurin rubuta adireshi, maɓallan gaba da baya, shafuka a jere a sama, da wajen saituna kaɗan. Babu ƙarin manhajojin da ake liƙa wa Chrome da Firefox, babu haɗa tarihin bincike tsakanin na'urori. Shafukan da rubutu ya fi yawa a cikinsu, irin su Wikipedia da shafukan labarai marasa tarkace da takardun koyon manhaja, suna fitowa yadda mutum zai manta ba a Firefox yake ba. GitHub ma yana buɗewa a yi aiki da shi, ba mamaki, tunda can masu ginin suke yini. Inda tafiya ke canzawa shi ne shafukan da su kansu manhajoji ne, masu lodin JavaScript: a nan za a ji nauyi, a ga maɓallin da ba ya amsawa, ko shafi ya mutu.

Nauyin yana da dalili. LibJS, injin JavaScript na Ladybird, yana fassara umarni ne ɗaya bayan ɗaya. V8 na Chrome da SpiderMonkey na Firefox kuwa suna lura da sassan da ake yawan maimaitawa su juya su zuwa harshen furosesa nan take, abin da ake kira JIT. An taɓa gwada irinsa a LibJS aka cire. Rashinsa yana rage sauri, amma yana toshe wata babbar ƙofa, domin kaso mai yawa na ramukan tsaro da ake samu a manyan burauzoji daga nan suke fitowa. Ko za a iya kaiwa ga saurin da talaka zai yarda da shi ba tare da JIT ba, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a gaban aikin.

Mutuwar shafi kuwa ba ta jan sauran, kuma wannan ya cancanci yabo. An raba gidan ɗaki-ɗaki tun daga tushe. Tagar da kake gani aiki ne mai zaman kansa, kowane shafi yana da nasa mai suna WebContent, sauko da kaya daga intanet na hannun RequestServer, buɗe hotuna kuma na hannun ImageDecoder. Hikimar ware hotuna ita ce hoto gurɓatacce tsohuwar hanya ce ta kutse, to in ya fashe a ɗakinsa ya fashe shi kaɗai. Sai dai raba ɗakuna daban, sa musu ƙofofin ƙarfe daban. Manhajar da ba ta sha gwajin maharan duniya ba, ba a shiga asusun banki da ita, ba a rubuta mata kalmar sirrin imel. Netflix da ire-irensa kuma a cire rai tukuna, domin suna dogara da Widevine, makullin hana satar bidiyo mallakar Google, kuma wannan ba matsalar iya rubuta manhaja ba ce, matsalar izini ce. Akwai kuma shafukan da ke duba sunan burauza, in ba su san shi ba su rufe ƙofa ko da za ta iya nuna su. A jerin zaɓuɓɓukan masu gyara akwai wurin da za ta ari sunan Chrome ko Firefox, kuma sau da yawa wannan kaɗai ke buɗe shafin.

A watan Oktoban 2025 an yi ta yaɗa labarin cewa Ladybird ta haye kashi 90 cikin 100 a Web Platform Tests, tarin gwaje-gwajen da kamfanonin burauza ke amfani da shi tare, mai ƙananan tambayoyi wajen miliyan 2. Lambar tana da amfani na zahiri, domin tana cikin sharuɗɗan da Apple ya gindaya wa duk injin da ke son shiga iPhone a Tarayyar Turai. Amma kada a karanta ta da ma'anar shafuka tara cikin goma suna aiki. Kaso mai tsoka na waɗannan tambayoyi a kan tsarin rubuta haruffan Sin da Japan da Koriya ne, kuma laburare ɗaya mai kyau yana cinye su a tashi guda. Gwajin ba ya auna sauri, ba ya auna yawan RAM da ake ci, kuma goman da suka rage su ne masu ƙashi. Jarabawa ce ta nahawu, ba ta hira a kasuwa ba.

Shawarar da na fi ganin ta nuna hankali ita ce wadda aka yanke ranar rabuwa da SerenityOS. A can doka ce ba a aron lambar kowa, har abin buɗe hoton JPEG da na ɓoye sirrin sadarwa da hannu aka rubuta. Abin sha'awa ne ga mai koyo, amma ɓata ƙarfi ne ga mai son fitar da kaya kasuwa, kuma a fannin tsaro haɗari ne. Da aka ware sai aka sassauta: hotuna, bidiyo, zane, sirrin sadarwa, duk a ɗauko waɗanda duniya ta riga ta gwada. Abin da ba a taɓawa shi ne zuciyar, wato LibWeb mai karanta shafi da LibJS da LibWasm mai gudanar da WebAssembly. Wasu tsofaffin masoya sun ji haushi, suna ganin an zubar da abin da ya sa aikin ya fita daban. Ni ina ganin da ba a yi haka ba, da jadawalin da aka sanar ya zama tatsuniya.

Ba kowace shawara ce ta tafi sumul ba. A watan Agustan 2024 Kling ya sanar cewa za a fara shigo da harshen Swift domin rage kurakuran ƙwaƙwalwa da C++ ya shahara da su. Shekara ta zagayo har ta wuce, zuwa ƙarshen 2025 Swift ɗin da aka shigar cikin burauzar bai taka kara ya karya ba, saboda haɗa shi da irin C++ ɗinsu ya fi yadda aka zata wuya, musamman a wajen na'urorin Apple. An yi saurin sanarwa kafin a gwada zurfin ruwan.

Jadawalin da suka sanar shi ne sigar gwaji ta farko a 2026, ga Linux da macOS, kuma ita ma ga masu rubuta manhaja da masu son ɗanɗanon sabon abu, sai ta biyu a 2027, sannan wadda kowa zai riƙe a 2028. Shekara huɗu daga kafa ƙungiya zuwa kaya a hannu, kuma sun faɗi haka tun farko maimakon su yi alkawarin wata shida. Duk wata suna fitar da rahoto, a rubuce da kuma bidiyo, da adadin gyare-gyaren da aka karɓa da shafukan da suka fara aiki, don haka mai bibiya zai iya auna tafiyar da kansa.

Babban giɓin da ke cikin jadawalin shi ne waya. Akwai ɗan gwaji na Android a ma'ajiyar, amma sun ce ba shi ne a gabansu ba sai kwamfuta ta daidaita, Windows ma haka. Ana iya fahimtar dalili, mutum takwas ko tara ba sa yaƙi a fage huɗu. Amma ga yawancin masu karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, waɗanda intanet ɗinsu gaba ɗaya a wayar Android take, wannan na nufin ko 2028 ba ranarsu ba ce. Kuma abin da ya sa Opera Mini ta kama ƙasa a Najeriya, wato matse shafi a sabar kamfani kafin ya iso wayarka don data ta yi auki, yana buƙatar kuɗin gudanar da sabobi da ƙungiya irin wannan ba ta da shi.

To wa ya kamata ya ɓata yininsa ya gina ta? Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da mai rubuta shafukan intanet. A wannan fuskar ban san wata burauza da ta kai ta sauƙin karantawa ba. Al'adarsu ita ce su kwafo matakan ƙa'idar HTML ko CSS ko JavaScript kalma da kalma su sa a matsayin sharhi, sannan a ƙarƙashin kowane mataki su rubuta lambar da ke aiwatar da shi. Mutum zai buɗe takardar ƙa'ida a hagu, lambar a dama, ya bi su layi-layi. Inda ba a gama ba an rubuta FIXME, kuma da yawa daga masu ba da gudummawa daga nan suka fara. Mai son leƙa cikin shafi kuma ba a sake ƙera masa kayan bincike ba, ana haɗa Ladybird da na Firefox ta about:debugging.

Rahoton kuskure mai amfani shi ne wanda aka tace. Cewa shafi kaza ba ya aiki ba ya kai kowa ko'ina. A ajiye shafin a kwamfuta, a riƙa goge rabinsa ana sake buɗewa, in matsalar tana nan a sake goge rabi, har a tsaya a layi goma ko ashirin da Firefox ke nunawa daidai Ladybird kuma take kuskurewa. Wannan ɗan fayil ɗin, da hoton yadda kowacce ta nuna shi, da lambar sigar da aka gina, shi ake kai wa GitHub. Mai iya Hausa yana da gwajin da ƙalilan a cikinsu za su yi tunaninsa: shafi mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, a rubutu da cikin akwatin cikewa, da kuma sakin layi na ajami daga dama zuwa hagu da aka cakuɗa da lambobi da kalmomin boko. Idan akwatuna suka fito a madadin haruffa, a fara zargin rashin font, wato fayil ɗin siffofin haruffa, kafin a zargi burauza: a sa Noto domin boko, a sa Alkalami na SIL, wanda aka zana a kan salon rubutun Kano, ko Harmattan domin ajami, a sake buɗewa. Abin da ya ci gaba da karkacewa bayan haka, musamman wasulan da ke zamewa daga kan harafinsu ko lambar da ta tsallaka inda ba wurinta ba a cikin layi, shi ne ya isa a kai ƙara.